Daga Biu zuwa Annobon: jerin duwatsun da teku bai katse ba

Duk mai taswirar Afirka a kusa da shi ya ɗauko ta, ya haɗo da rula. Ya aza kan rular a duwatsun Mandara, waɗanda suka tokare Gwoza da Mubi ta gabas, ya karkato gindinta kudu maso yamma har ta faɗa teku ta taɓa wani ɗan ɗigo da aka rubuta wa Annobon. To sai ya duba abin da rular ta danne: tsaunukan Bamenda, Dutsen Kamaru, tsibirin Bioko, sai Firinsife, sai Sao Tome. Tsaunin Mambila yana manne da gefenta, tudun Biu kuma ya ɗan goce yamma. Tsawon wannan jeri ya kai kilomita 1,600, wani sashe a tudu, wani a ruwa, kuma duk aikin wuta ɗaya ce da ke turowa daga cikin ƙasa. Masana suna kiransa layin duwatsu masu aman wuta na Kamaru.

Ni malamin labarin ƙasa ne a sakandare, kuma abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda littattafan da muke koyarwa da su suke yanka wannan jeri gunduwa-gunduwa. Biu da Mambila suna babin Najeriya, layi uku an wuce. Dutsen Kamaru sai an je babin Afirka. Tsibiran kuwa ko sunansu ba a cika ambata ba. Sai yaro ya gama sakandare ya iya zana maka dutsen Fuji na Japan, amma bai san cewa duk wanda ya je Biu ya taka narkakken dutsen da ya daskare ba.

Idan ka taso daga Gombe ka wuce Dadin Kowa da Kwaya Kusar, akwai inda mota za ta fara nishi, kunne ya ɗan toshe, launin ƙasa ya sauya. Duwatsun gefen hanya su koma baƙaƙe, masu nauyi, a warwatse cikin gonaki har manoma suna tsince su suna jerawa a kan iyaka. Ina da guda a teburina a ofishin malamai, da shi nake danne takardun jarrabawa idan an kunna fanka. Bai wuce dunƙulen hannu ba, baƙi ƙirin, jikinsa duk huji-huji. Waɗannan hujojin gurbin iska ne: lokacin da dutsen yake ruwa-ruwa da zafi, iskar da ke cikinsa tana neman fita, sai sanyi ya riske shi ya daskare da kumfar a jiki. Tudun Biu gaba ɗayansa shimfiɗar irin wannan dutse ce, wadda ta fara malalowa kimanin shekara miliyan 5 da suka wuce, kuma a samansa akwai 'yan tsaunuka masu tsini wajen tamanin, kowanne tsohuwar kafar da wuta ta fito ce. Tafkin Tila, wanda tsofaffin Babur da Bura ke ba da labarin kadojinsa, shi ma rami ne da fashewa ta haƙa, ruwa ya zo ya cike. Shi ya sa za ka gan shi a kewaye, ga gangare ta kowane gefe.

Kada a rikita su da irin su Zuma ko Kwatarkwashi ko Kufena. Waɗancan a can ƙarƙashin ƙasa suka huce sannu a hankali, ba su taɓa malalowa a sarari ba. Ruwa da iska ne suka kwashe ƙasar da ta rufe su har suka bayyana. Dala kuwa marmara ce mai tama ta rufe kanta ta hana ta zaizaya.

Duk shekara idan na miƙa wa aji wannan dutse yana zagawa hannu-hannu, sai an sami mai ɗaga hannu: "Malam, to zai sake tashi ne?" Amsar da nake bayarwa ita ce, babu wani tarihi da aka rubuta da ya ce Biu ta yi amai, amma 'yan uwanta na kudu ba su huta ba, kuma za mu iso kansu.

Mandara akasarinta tsohon dutse ne, na irin su Kwatarkwashi, shi ne mutanen Sukur suka sassare suka yi wa matakala suna noma, har UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1999. Amma a ɓangaren Kamaru, wajen Rumsiki a ƙasar Kapsiki, akwai wasu dogayen duwatsu tsaye cak a tsakiyar kwari, sirara, ba ka ga ta inda mutum zai hau. Kowanne ragowar maƙogwaron dutse mai aman wuta ne. Narkakken dutsen ƙarshe ya daskare a cikin kafar ya toshe ta, shekaru miliyoyi suka cinye gangar jikin tsaunin, toshiyar da ta fi tauri ta rage a tsaye. A riƙe wannan siffa, don za mu sake haɗuwa da ita a tsakiyar teku.

Kudu da nan jerin ya yi reshe zuwa gabas, ya bi ta tudun Adamawa na Kamaru, inda Ngaundare take a tsayin da ya haura mita 1,000. Wannan tudu shi ne ya fi shafar cikinmu kai tsaye, ko da ba mu sani ba. Kogin Binuwai daga nan ya ɓuɓɓugo, ya bi ta madatsar Lagdo da Garwa, ya shigo Jimeta da Numan da Makurɗi, ya haɗu da Kwara a Lakwaja. Sanaga daga nan ya gangara kudu. Rassan Logon ma daga nan suka nufi arewa, suka haɗu da Shari a Njamena, kuma su biyun ne ke kawo kusan duk ruwan kogin da ke shiga Tafkin Chadi. Masuncin Baga da mai noman rani a bakin Binuwai, ruwan saman tudu ɗaya suke jira. Haka kuma idan damina ta yi yawa a can aka buɗe Lagdo, kamar yadda aka gani a 2012 da 2022, mu ne a ƙasa.

Mambila kuwa sai wanda ya hau. Daga Serti ka bi zuwa Mayo Selbe zafi na dukan ka, daga nan hanya ta fara naɗewa a jikin tsauni, kwana bayan kwana, hagu rami dama bango. Direban da ya hau da mu, wani dattijo mai rawani da rigar sanyi a lokaci guda, tun a ƙasa ya dubi 'yar shara da ke jikina ya ce, "Malam, in kana da bargo a jaka ka fito da shi tun yanzu." Na ce, "Baba, ai gumi nake yi." Ya ce, "To." Kafin mu kai Maisamari hazo ya rufe gilashi, haƙorana suna haɗuwa. A sama sai ka ga wata duniya: tuddai masu santsi lulluɓe da ciyawa har iyakar gani, shanu ƙosassu, layukan bishiyar zaiti, gonakin ganyen shayi a Kakara. Matsakaicin tsayin wurin wajen mita 1,600 ne, kuma sanyin da ya hana tsando sakewa shi ya jawo Fulani da dukiyarsu. Can gefe, a kan iyaka cikin gandun dajin Gashaka Gumti, ga Chappal Waddi, wanda Fulani ke kira Gangirwal, mita 2,419, babu inda ya fi shi tsawo a Najeriya. Wannan yanki ma sai a ƙuri'ar raba-gardama ta 1961 ya zama Najeriya.

Tsallaken iyaka kaɗan, a tsaunukan da ke arewa da Bamenda, akwai Tafkin Nyos. Rami ne irin na Tila, sai dai zurfinsa ya haura mita 200. A daren Alhamis 21 ga Agusta 1986, wajen ƙarfe tara, waɗanda ke kusa suka ji wata ƙara, sannan wani farin hayaƙi ya taso daga ruwan ya gangara kwaruruka. Kafin gari ya waye mutum 1,746 sun rasu a ƙauyukan Nyos da Cha da Subum da kewaye, da dabbobi wajen 3,500. Babu gidan da ya rushe, babu bishiyar da ta ƙone. Mutane a kan shimfiɗarsu, wasu a bakin ƙofa, shanu a kwance a makiyaya, fitilun aci-balbal duk sun mutu. Waɗanda suka tsira da yawa sun farka ne bayan sa'o'i masu yawa a sume, suka tarar ko ƙuda ba ya tashi. Cikin mamatan akwai Fulani makiyaya masu yawa, kuma waɗanda rugarsu ke can saman tudu sun fi samun tsira a kan na cikin kwari. Tafkin da aka sani shuɗi ya wayi gari ja, saboda ruwan ƙasa mai tama ya juyo sama.

Abin da ya faru shi ne, wutar da ke can ƙarƙashi tana sakin iskar kabon-dayoksaid, tana shiga tafkin ta gindinsa. Nauyin ruwan sama yana danne ta, sai ta narke a ruwan ƙasa ta yi ta taruwa shekara da shekaru, kamar lemon kwalba da ba a buɗe ba. A ƙasashen sanyi tafki yana juyawa da kansa idan yanayi ya sauya, iskar ta fice kaɗan-kaɗan. Nyos kuwa yana wurin da zafin saman ruwa ba ya sauyawa sosai, ga zurfi, ga tsaunuka sun kare shi daga iska, don haka ba ya motsi. Ranar da wani abu ya girgiza shi, ko zaftarewar ƙasa ce ko wani abu daban, ruwan ƙasa ya ɗago, iskar ta kuɓuce gaba ɗaya. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi da kusan rabi, shi ya sa ba ta tashi sama ba, ta kwanta ta bi kwari tana kore numfashi har nisan da ya haura kilomita 20. Shekara biyu kafin nan, a Agusta 1984, Tafkin Monoun, shi ma a Kamaru, ya yi irin wannan ya kashe mutum 37, amma ba a gama gane kansa ba sai da na Nyos ya auku.

Maganin da aka samo mai sauƙi ne har ya ba ni sha'awa. A 2001 aka zura dogon bututu daga kan wani dandamali mai yawo a ruwa har zuwa ƙasan tafkin. Da zarar an fara jawo ruwan, iskar da ke fita daga cikinsa ita ke ci gaba da tura shi sama, ba inji ba mai, sai feshi ya yi ta tashi tsakiyar tafki dare da rana. An ƙara bututu biyu a 2011. Sai dai akwai wata barazanar: bangon da ya tare tafkin ta arewa tarin tokar dutse ne mai rauni, kuma idan ya ɓalle, ruwan zai bi kogin Katsina-Ala (ba Katsinar Dikko ba, wadda ke ƙasar Tibi) ya shigo Taraba da Binuwai. Wannan tsoro yana cikin manyan dalilan gina madatsar ruwan Kashimbila a ƙaramar hukumar Takum, wadda aka haɗa mata da injinan lantarki na megawat 40.

Daga nan zuwa teku tsaunuka ne a jere: Oku mai mita 3,011, Bamboutos, Manengouba mai tafkuna biyu a kansa, tafkin Barombi Mbo kusa da Kumba mai kifayen da babu irinsu a ko'ina. Sai babban yaya, Dutsen Kamaru, wanda ya haura mita 4,000 kuma gindinsa a cikin ruwan teku yake. Shi kam a farke yake: ya yi amai a 1909, har Jamusawa suka kwashe ofisoshinsu daga Buea suka koma Duwala na ɗan lokaci, ya sake a 1922, 1954, 1959, 1982, 1999 da 2000. Na 1999 ya gangaro a hankali ta cikin gonakin kwakwar manja, ya datse titin da ya tashi daga Limbe zuwa Idenau wajen Bakingili, ya tsaya dab da teku. Na tsaya a gaban wannan tuli: bango ne na baƙaƙen duwatsu masu kaifi da ya fi gida tsawo, titi ya kewaye shi ya wuce, ciyayi har sun fara tsirowa a tsagoginsa. Na ɗauki gutsure na juya shi, ga hujojin nan irin na dutsen teburina. Rairayin bakin tekun Limbe ma baƙi ne, garin wannan dutsen ne.

Saboda tsaunin ya tsaya a gaban iskar damina da ke tasowa daga teku, gefensa na kudu maso yamma yana cikin wuraren da suka fi ko'ina ruwan sama a duniya. Debundscha tana samun wajen milimita 10,000 a shekara. Kano ba ta cika wuce 1,000 ba.

Idan gari ya washe, daga gaɓar Limbe kana hango wani tsauni a tsakiyar ruwa. Wannan shi ne Pico Basile na tsibirin Bioko, wanda shi ma ya ɗan haura mita 3,000, kuma a gindinsa birnin Malabo na Ikwatoriyal Gini yake. Tsakaninsa da gaɓar Kamaru kilomita 32 ne kacal, ruwan kuma ba shi da zurfi. A ƙarshen zamanin ƙanƙara, lokacin da teku ya ja baya, da ƙafa ake zuwa. Sai kimanin shekara 10,000 da suka wuce ruwa ya dawo ya yanke shi. Shi ya sa dajinsa ke cike da birai da gada irin na Kamaru, kuma Turawan Fotugal da suka iso a shekarun 1470 sun tarar da mutanen Bubi a zaune. Sunan da Turawa suka ba shi, Fernando Po, sananne ne a kudancin Najeriya, don dubban 'yan ƙwadago sun tsallaka can aikin gonakin koko, har zuwa tsakiyar shekarun 1970 da zaluncin mulkin Macias Nguema ya sa aka kwaso su. Ƙasar toka ce mai albarka ga ruwan sama, koko ya samu yadda yake so. Daga wannan tsibiri ne Tetteh Quarshie ya kai irin koko ƙasar da ake kira Ghana yanzu, a shekarun 1870.

Sauran ukun labarinsu daban ne. Firinsife da Sao Tome da Annobon ba su taɓa haɗuwa da nahiya ba. Daga ƙasan teku mai zurfin dubban mitoci suka taso, amai a kan amai, har kansu ya ɓullo. Abin da ido ke gani a matsayin tsibiri ƙoƙuwar ƙaton tsauni ce kawai. Sao Tome ƙololuwarta mita 2,024 ce a saman ruwa, amma idan aka auna daga gindinta ta shiga sahun Dutsen Kamaru. Babu ɗan Adam a cikinsu sai da jiragen Fotugal suka zo, suka kawo bayi daga yankin masarautar Benin da Kongo suka dasa rake, daga baya koko, har Sao Tome ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da shi a farkon ƙarni na 20. Duk wani abu mai rai da ke can kafin mutum, ko dai ya zo da fiffike, ko iska ta kawo, ko ruwa. Tsuntsaye suka zauna suka rikiɗe har aka sami nau'o'i sama da ashirin da babu su a wani wuri. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne kwaɗi: kwaɗo ba ya jure ruwan gishiri, amma ga su can, nau'insu na kansu. Masana suna ganin ambaliyar manyan koguna irin Kongo ce ke ɓalle gaɓa da itatuwanta da 'yan halittun da ke maƙale, ta tura su teku a kan ruwan daɗin da ke shimfiɗe a saman na gishiri, har wasu su dace da tudu.

A kudancin Sao Tome ne Pico Cao Grande yake, wani siririn dutse da ya soke dajin ya miƙe sama da mita 300 a kan abin da ke kewaye da shi, kansa kullum cikin gajimare. Wanda ya ga na Rumsiki zai gane shi nan take, toshiyar maƙogwaro ce, sai dai wannan gansakuka da macizai ne a jikinsa. Gaba kaɗan, a ɗan tsibirin Rolas, layin da ya raba duniya biyu ya ratsa. Firinsife kuwa, wadda ta fi su tsufa, mai shekara wajen miliyan 31, a can ne masanin taurari Arthur Eddington ya ɗauki hoton husufin rana ranar 29 ga Mayu 1919 ya gwada maganar Einstein cewa nauyin rana yana lanƙwasa hasken taurari.

Shekarun nan su ne suka hana masana barci. A Hawai, tsibirai suna jere ne bisa tsufa: wuta tana wuri ɗaya, ɓawon ƙasa yana tafiya a kanta, don haka na kusa da wutar sabo ne, na nesa tsoho. A nan lissafin bai fita ba. Rumsiki a arewa tsohuwa ce, Biu maƙwabciyarta yarinya, Firinsife tsohuwa, Dutsen Kamaru da ke tsakiya shi ne mai aiki yau. Ga shi kuma jerin ya ratsa ɓawon nahiya mai kauri ya shiga na teku mai sirantaka ba tare da dutsen da yake fitarwa ya sauya sosai ba. Wasu sun lura cewa siffarsa, da rassansa biyu na Biu da Ngaundare, ta yi kama da ta kwarin Binuwai da ke gefensa, wanda ya tsage lokacin da Afirka ke rabuwa da Kudancin Amurka sama da shekara miliyan 100 baya, suka ce zafin da ke ƙarƙashin kwarin ne ya koma ƙarƙashin jerin da nahiyar ta ɗan gusa. Wasu suka ce tsofaffin tsagogi ne a jikin nahiyar ke ba wuta hanya. A aji ra'ayi na biyu nake fara kawowa don ya fi saurin shiga kan yara, amma ba na ɓoye musu cewa gardamar tana nan.

Annobon ita ce auta a wancan bakin, kudu da layin tsakiyar duniya. Faɗinta murabba'in kilomita 17 ne, tsauninta bai kai mita 600 ba, kuma a tsakiyarta akwai tafkin ruwan daɗi a cikin tsohon ramin wuta. Mutanenta 'yan dubbai ne, masunta, suna magana da wani harshe da ya tsiro daga Fotugis, amma tun yarjejeniyar 1778 Fotugal ta miƙa ta ga Sifaniya tare da Fernando Po. Shi ya sa yau take cikin Ikwatoriyal Gini, alhali wanda ya tashi daga Malabo zai je can sai ya wuce Firinsife da Sao Tome, wata ƙasa sukutum, kafin ya isa.